Gaba, tsakiya ko baya: mazaunin inji da halin motar gudu

Duk inda aka taru ana hirar motoci, a bakin gareji ko a rumfar mai shayi, tambaya ba ta wuce biyu: ƙarfin doki nawa ne injin, kuma kilometir nawa take ci a awa guda? Ba safai ake jin wanda ya tambayi inda maƙera suka ajiye injin ba, alhali kuwa wannan ne ke yanke hukunci a daidai lokacin da hanya ta karya kwana, direba kuma ya shigo da gudun da ya wuce ƙima. A miƙaƙƙiyar hanya kowace mota ta kirki ce, sai an zo kwana ake sanin halinta. A wannan mako wannan fili zai duba motocin gudu, wato ƙananan motocin nan gajeru masu ƙarfin inji waɗanda kamfanoni irin su Porsche, Ferrari da Alpine ke ƙerawa, domin a jikinsu ne aka fi ganin abin da mazaunin inji ke haddasawa, kuma darasin da aka koya daga gare su, sau da yawa bayan an yi asarar rayuka, ya shafi duk wanda ke riƙe da sitiyari.

Tafin hannu huɗu

Mota komai tsadarta ba ta taɓa ƙasa sai a wurare huɗu, kuma faɗin kowane wuri bai wuce tafin hannun babban mutum ba. Ta nan take tashi, ta nan take tsayawa, ta nan take juyawa. Riƙon da taya ke yi wa kwalta yana ƙaruwa idan aka ɗora mata nauyi, to amma ƙaruwar ba ta tafiya daidai da nauyin: in an ninka nauyi sau biyu riƙon zai ƙaru, sai dai ba zai kai ninki biyu ba. Wannan ƴar tazarar ita ce tushen maganar baki ɗaya.

A kan kwana, tayoyin gaba da na baya kowanne yana da aikin riƙe nauyin da ke kansa kada ya fice waje. Ɓangaren da ya fi nauyi shi ne mai babban aiki, kuma tun da riƙo bai bi nauyi sau da ƙafa ba, in tayoyin iri ɗaya ne shi zai fara gazawa. Idan gaba ne ya gaza, direba na murɗa sitiyari amma motar ta ƙi bi, ta miƙe ta nufi wajen kwana. Wannan hali ana iya kiransa taurin kai. Idan kuwa baya ne ya gaza, sai gindin motar ya zame waje, gaban ya dubi cikin kwana, in ba a yi saurin gyarawa ba ta juya ta dubi inda ta fito. Wannan shi ne kaɗa wutsiya. Maƙera sun fi son taurin kai a motar jama'a, domin abin da tsoro ke sa direba ya yi, wato ɗaga ƙafa daga totur, shi ne maganinsa. Ga mota mai kaɗa wutsiya kuwa, ɗaga ƙafar ƙara wa wuta mai ne.

Inji tare da akwatin giya su ne kaya mafi nauyi a jikin mota, a motar gudu sukan haura kilo 200. Saboda haka inda aka ajiye su, nan ne nauyi ke rinjaya.

Nauyi ba ya zama wuri ɗaya

Rabon nauyin da ake rubutawa a takardun mota, kamar kashi 55 cikin 100 a gaba da 45 a baya, na motar da ke tsaye ne. Da zarar ta motsa lissafi ya sake. In an taka birki nauyi ya koma gaba, in an ba ta wuta ya koma baya, in an shiga kwana ya koma kan tayoyin waje. Yawan abin da ke komawa ya dogara ga nauyin motar, da tsawon cibiyar nauyinta daga ƙasa, da tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya.

Ga misali domin a fahimta. A ɗauki mota mai kilo 1.400, cibiyar nauyinta tana rabin metir daga ƙasa, tazarar tayoyinta metir biyu da rabi. In aka taka birki mai ƙarfi, irin wanda ke tsayar da mota daga kilometir 100 a awa cikin kamar metir 40, kilo 280 ne ke barin baya ya koma gaba. Idan injin a gaba yake, rabon kuma 55 da 45 ne, gaba zai tashi daga kilo 770 zuwa 1.050, baya ya faɗo daga 630 zuwa 350. Ke nan tayoyin gaba ke yin kashi uku cikin huɗu na aikin tsayawa, na baya suna kallo. Idan kuwa injin a baya yake, rabon kuma 40 da 60 ne, gaba zai tashi daga 560 zuwa 840, baya ya sauko daga 840 zuwa 560, duka tayoyin huɗu na aiki. Shi ya sa mota mai nauyi a baya ta fi iya birki.

Haka abin yake wajen tashi. In ƙarfin tashin ya kai rabin na birkin can, kilo 140 ke komawa baya. Mota mai inji a baya wadda tayoyin baya ke turawa za ta sami kilo 980 a kansu, ta danna ƙasa ta wuce. Mota mai kashi 60 a gaba wadda tayoyin gaba ke ja, nauyin kansu zai ragu daga 840 zuwa 700, a daidai lokacin da ta fi bukatarsa, sai tayoyin su yi ta juyawa a banza.

Darasin ɗan garuwa

Akwai abu na biyu da rabon nauyi kaɗai ba ya nunawa. Ɗan garuwa da ya rataya garwa biyu a bakunan sanda, nauyinsa a daidaice yake, rabi gaba rabi baya. Duk da haka in ya zo juyawa a lungu sai ya yi a hankali, domin garewanin ba sa son fara juyawa, in sun fara kuma ba sa son tsayawa. Wanda ya ɗauki wannan ruwan a ka, a cikin tulu ɗaya, juyawa yake yi nan take. Nauyi ɗaya ne, bambancin yana ga nisansa daga tsakiya. Masana lissafi sun tabbatar cewa in aka ninka nisan sau biyu, wahalar juyawar tana ninkuwa sau huɗu.

Saboda haka motoci biyu na iya samun rabon 50 da 50 amma halinsu ya sha bamban. Wadda nauyinta ke bakuna biyu tana da nawar shiga kwana, amma tana da natsuwa, in za ta zame kuma tana ba direba lokaci. Wadda nauyinta ya taru a tsakiya tana juyawa da ƙiftawar ido, in ta zame ma da ƙiftawar ido take zamewa. Kowane allazi da nasa amanu.

Inji a gaba

Wannan shi ne tsarin da aka gada tun farkon ƙarni na 20: inji a gaba, tayoyin baya na turawa. Yana barin wuri ga fasinja da kaya, injin na shan iska, halin motar kuma ba ya ba da mamaki. Aibinsa shi ne nauyin kai. Maƙeran motocin gudu sun bi hanya biyu wajen rage shi. Ta farko ita ce ja da injin baya har ya zauna a bayan layin tayoyin gaba, abin da ke sa a ga mota mai dogon hanci direba kuma yana zaune kusa da tayoyin baya. Ta biyu ita ce raba inji da akwatin giya, a bar inji a gaba a kai giya baya, kamar yadda Ferrari ta yi wa 275 GTB a shekara ta 1964. Da irin waɗannan dabaru ake kaiwa ga rabon rabi da rabi. Ƴar ƙaramar Mazda MX-5 ta Japan, wadda ta fito a 1989, ba ta da wani ƙarfin inji na a zo a gani, amma wannan daidaito da rashin nauyi sun sa ta zama abar koyi wajen daɗin tuƙi.

In aka yi akasin haka sakamakon a fili yake. Audi Quattro ta 1980, wadda ta kawo tuƙi da tayoyi huɗu cikin tseren rali, injinta mai silinda biyar yana rataye ne a gaban tayoyin gaba. Ta ci gasar duniya ta kamfanoni a 1982 da 1984 saboda riƙon ƙasa, amma direbobinta sun sha fama da taurin kanta, har suka riƙa taka birki da ƙafar hagu a tsakiyar kwana domin su tilasta wa bayan ya juyo.

Inji a tsakiya

A nan ana ajiye injin a bayan kujerar direba amma a gaban tayoyin baya. Tun 1934 injiniya Ferdinand Porsche ya tsara wa kamfanin Auto Union na Jamus motar tsere mai silinda 16 a kan wannan tsari. Ta ci tsere da yawa, amma wutsiyarta ta gagari direbobi da dama. Bernd Rosemeyer, wanda ya fito daga tseren babura, shi ne ya fi iya ta, ya kuma zama zakaran Turai a 1936. Bayan yaƙin duniya na biyu sai wani ƙaramin kamfanin Ingila mai suna Cooper ya farfaɗo da tsarin. A watan Janairu na 1958 Stirling Moss ya ci tseren Formula 1 na Ajantina da ƴar Cooper mai inji ƙasa da litir biyu, alhali abokan karawarsa na da litir biyu da rabi. Jack Brabham ya ci kambin duniya da Cooper a 1959 da 1960. Ana danganta wa Enzo Ferrari cewa ya daɗe yana ƙin tsarin bisa hujjar cewa dabba jan amalanke take yi, ba tura shi ba. Duk da haka nasarar da Phil Hill ya samu a Monza a 1960 ita ce ta ƙarshe ga mota mai inji a gaba a Formula 1, kuma a 1961 Ferrari kanta da inji a tsakiya ta ci kambi. A Amurka ma Jim Clark ya ci tseren Indianapolis na 1965 da Lotus mai wannan tsari.

Daga filin tsere abin ya sauko kan titi. Ƴar motar Faransa René Bonnet Djet ta 1962 tana cikin na farko, sannan Lamborghini Miura ta Itali a 1966, wadda aka gicciye mata inji mai silinda 12 a bayan direba. Miura ta nuna wani aibi da ba a zata ba: tankin manta a gaba yake, don haka gwargwadon yadda mai ke ƙarewa gwargwadon yadda gaban ke rasa nauyi, sitiyari ya yi sako-sako a babban gudu. Toyota ma sai da ta gyara ƙafafun MR2 ta biyu a farkon shekarun 1990, bayan ƙorafin cewa tana juyawa ba zato idan direba ya ɗaga ƙafa a kwana. Tare da haka fa'idar tsarin ta rinjayi aibinsa ga mai neman gudu. Chevrolet Corvette, wadda injinta ke gaba tun 1953, ta mayar da shi tsakiya a samfurin da aka nuna a 2019, domin ƙarfin injin ya kai inda tayoyin baya ba sa iya kai shi ƙasa sai an ƙara masu nauyi.

Inji a baya: labarin Porsche 911

Tsari na uku shi ne a rataya injin can bayan tayoyin baya. Bayan yaƙi ƙananan motocin Turai da yawa haka suke, irin su Volkswagen mai siffar kunkuru, da Renault 4CV da Dauphine, domin tsarin yana da araha kuma yana barin wuri a ciki. Muddin injin ƙarami ne gudun kuma kaɗan, aibin bai cika fitowa ba. Amma da kamfanin General Motors ya fitar da Chevrolet Corvair a ƙarshen 1959, mai inji silinda shida a baya da ƙafafun baya masu lanƙwashewa ciki a kan kwana, sai magana ta tashi. Lafiyar tuƙinta ta dogara ga a sa wa tayoyin gaba iska kaɗan fiye da rabin ta baya, abin da masu mota da masu ba da iska da yawa ba su sani ba. A 1965 lauya Ralph Nader ya buɗe littafinsa Unsafe at Any Speed da babi a kanta. A 1966 majalisar Amurka ta zartar da dokar kiyaye lafiyar motoci, a 1969 aka daina ƙera Corvair. Binciken hukuma na 1972 ya ce ba ta fi takwarorinta na lokacin haɗari ba, amma a lokacin bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Kamfani ɗaya ne ya ƙi sakin wannan tsari a motar gudu. A baje kolin Frankfurt na 1963 Porsche ta nuna sabuwar mota mai lamba 901. Peugeot ta ce lamba uku mai sifiri a tsakiya tata ce, sai aka mayar da sunan 911. Injinta silinda shida ne a kwance, uku na fuskantar uku, mai litir biyu da ƙarfin doki 130, iska ke sanyaya shi, kuma kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin motar a baya yake. Wajen birki da wajen fita daga kwana ba ta da na biyu, kamar yadda lissafin can ya nuna. Matsalar tana tsakiyar kwana. Direban da ya shiga da gudu, ya ji tsoro ya ɗaga ƙafa, ya mayar da nauyi gaba ke nan. Tayoyin baya sun rasa riƙo, injin da ke rataye a bayansu kuma yana nan da ƙarfinsa na son ficewa waje, kamar garwar da ke bakin sanda. Kafin ya farga motar ta juya.

Abin da injiniyoyin Porsche suka yi daga nan tarihi ne na haƙuri. Da farko sun ɓoye dunƙulen ƙarfe mai kilo 11 a kowane gefe na bambar gaba domin su danne hancin. A 1968 suka ja tayoyin baya baya da milimetir 57 ba tare da sun motsa injin ba, wato sun rage abin da ke rataye, suka kuma sa batir biyu a gaba. Sannan suka fara sa wa baya tayoyi masu faɗi fiye da na gaba, domin ɓangaren da ke da babban aiki ya sami babban tafi. A 1975 aka fara sayar da 911 Turbo mai ƙarfin doki 260, wadda ƙarfinta kan yi jinkiri sannan ya zo gaba ɗaya. In ya zo a tsakiyar kwana sai abin da hali ya yi. Har laƙabi aka yi mata da ke nufin mai sa mata takaba.

Shugabannin kamfanin kansu sun taɓa yanke ƙauna. A 1977 suka fitar da 928, mai inji silinda takwas a gaba da giya a baya, rabo kusan rabi da rabi, da niyyar ta gaji 911. Ta ci lambar motar shekara ta Turai a 1978, amma masu saye suka ƙi rabuwa da tsohuwar. Peter Schutz, wanda ya karɓi shugabancin kamfanin a 1981, ya soke shawarar kashe 911. A 1995 aka daina 928, ita kuwa 911 ta ci gaba: tuƙi da tayoyi huɗu a 1989, sabon tsarin ƙafafun baya mai hannuwa da yawa a 1993, ƙarin santimetir 10 a tazarar tayoyi a 2011, tayoyin baya masu ɗan juyawa tare da sitiyari daga 2013. A 2017 aka ƙera ta miliyan ɗaya. A wannan shekarar kuma, a samfurin tsere mai suna RSR, Porsche ta matsar da injin zuwa gaban tayoyin baya. Hali zanen dutse ne: an shafe fiye da shekara hamsin ana lallashinsa, amma da aka zo inda daƙiƙa ɗaya ke raba nasara da faɗuwa, sai da aka bi lissafi.

Ƙwararrun direbobin 911 ƙa'idarsu ɗaya ce: a gama birki tun motar na miƙe, a shiga kwana a hankali, a fita da wuta, kada a ɗaga ƙafa a tsakiya. Da wannan ta ci ralin Monte-Carlo a 1968, 1969 da 1970. Alpine A110 ta Faransa, ita ma mai inji a baya, ta ci shi a 1971 da 1973, ta kuma ɗauki kambin duniya na farko na rali a 1973. A kan hanyar dutse mai santsi, wutsiyar da ke tsorata baƙo ita ce makamin gwani.

Abin da Tenere ta gani

Mutanen Agadas da na garuruwan da tseren Paris zuwa Dakar ya ratsa a shekarun 1980 sun ga wannan gardama da idonsu. A 1984 René Metge ya ci tseren da Porsche 911 mai tuƙi da tayoyi huɗu, a 1986 ya sake ci da 959, dukansu inji a baya. A cikin rairayi nauyin baya yana da amfani, domin gaba marar nauyi ba ya saurin nutsewa, baya kuma na samun abin turawa. Daga 1987 zuwa 1990 sai Peugeot ta karɓe, sau biyu da 205 Turbo 16, sau biyu da 405 Turbo 16, a hannun Ari Vatanen da Juha Kankkunen. Daga nesa 205 ɗin ta yi kama da ta kasuwa, amma injinta a bayan direba yake. Domin hamada an ƙara mata tsawo da kamar santimetir 30, aka sami wurin manyan tankunan mai kusa da tsakiya, ta kuma ƙara natsuwa a babban gudu. Tun 2009 tseren ya bar Afirka zuwa Kudancin Amurka, daga 2020 ya koma Saudiyya.

Na'ura ta shigo, lissafi bai tafi ba

A 1995 kamfanin Bosch tare da Mercedes suka fitar da na'urar ESP, wadda ke auna inda sitiyari ya nufa da inda motar ta nufa, in sun saɓa ta taka wa taya ɗaya birki ta dawo da motar kan layi. Bayan da ƴar Mercedes Classe A ta kife a gwajin kauce wa dabba a Suwidin a 1997, na'urar ta bazu, kuma tun Nuwamba na 2014 wajibi ce ga duk sabuwar ƙaramar mota a Tarayyar Turai. Motocin lantarki kuma, irin su Porsche Taycan ta 2019, batirinsu a shimfiɗe yake a ƙasan mota tsakanin tayoyi, cibiyar nauyi ta yi ƙasa sosai, sai dai nauyin ya haura tan biyu. Duk waɗannan suna rage haɗari. To amma na'ura tana raba riƙon da ke akwai ne kawai, ba ta ƙirƙirar wanda babu. In tafin hannun nan huɗu sun gaza, babu kwamfutar da za ta maye gurbinsu.

Abin da ya shafi mai mota

Ƙalilan ne daga masu karatu za su tuƙa Ferrari, amma lissafin bai san sunan mota ba. Ɗan kasuwar da ya lafta wa a-kori-kura buhunan albasa ko na wake har suka zarce tayoyin baya, ya ƙera wa kansa mota mai nauyi a wutsiya, ba tare da faffaɗan tayoyi da shekarun binciken Porsche ba: gaba zai yi sako-sako, baya ya riƙa lilo. Ƙaramar bas da aka tara wa kaya a rufi an ɗaga cibiyar nauyinta. A misalin da ya gabata, in cibiyar ta tashi daga rabin metir zuwa metir ɗaya, nauyin da ke komawa gaba wajen birki zai tashi daga kilo 280 zuwa 560, haka nan abin da ke komawa gefe a kan kwana zai ninku, daga nan kuma kifewa take farawa. Ma'aikacin da ya sayi mota ta hannu daga Turai, ya kamata ya san inda injinta yake da tayoyin da ke jan ta, ya bi ma'aunin iskar da aka rubuta a jikin ƙofa ko a murfin tanki, domin bambancin gaba da baya da gangan aka sa shi. In tayoyi biyu kawai zai iya saye, masu ƙera taya suna ba da shawarar a sa sababbin a baya, saboda taurin kai ya fi kaɗa wutsiya sauƙin magani.

Ƙa'idar lodi kuwa ita ce wadda injiniyoyi suka kai gare ta bayan dogon gwaji: kaya masu nauyi su zauna ƙasa, su zauna tsakanin tayoyin gaba da na baya, a ɗaure su kada su motsa. Ƙa'idar kwana ita ma ɗaya ce ga 911 da ga motar kasuwa: a rage gudu tun kafin a shiga, domin wanda ya bari sai ya kai tsakiya ya nemi birki, ya riga ya miƙa wa nauyi sitiyarin.